Amsar Tambaya: Katin da ya ƙi tsayawa

Wata mai karatu ta rubuto cewa ta haɗa katin gaisuwa irin mai tsayawa da kansa, amma tana ajiye shi a kan tebur sai ya zame ya kwanta. Ina matsalar take?

Galibi a wuri biyu take: gam da madogari.

Ga yadda za a yi: mai tambayar ta samo kwali mai kauri, ta yanka santimita 14 a faɗi, 28 a tsawo. Ta ninka shi a tsakiya, sannan ta sake ninka murfin gaba gida biyu, a kan santimita 7. Kafin kowane ninki ta ja layi da bayan wuƙa, don kada kwalin ya tsage. Fuskar katin kwali ne daban, 14 da 14, kuma rabin murfin na ƙasa kaɗai ake shafa wa gam. Duk wadda ta shafe murfin gaba ɗaya ta kashe ninkin.

Madogari kuwa ɗan guntun kwali ne, a buga masa "Barka da Sallah", a manna shi a cikin katin bisa siririn soso mai gam don ya ɗan taso. A nan gindin fuskar ke tokarewa.

Batun ado, hatimi ake fara bugawa. Idan tawada ta bushe, sai a ɗora ƙarfen yanka daidai kan zanen, a riƙe shi da salatif, a sa tsakanin farantan roba biyu, a murza a injin hannu irin Big Shot na Sizzix. Wadda ba ta da injin, ƙaramin almakashi mai kaifi zai fitar da zanen, sai dai yatsu za su ji jiki.