AUREN RUFIN ASIRI: DARASI A KAN WASU FINA-FINAI DA SUKA SHIGO WAYOYIN SAMARINMU

Da sunan Allah muke farawa, kuma a gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Masanin abin da zukata suke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa Musulmi, mas'alar da za mu ɗauko a wannan fitowa tana daga cikin waɗanda harshe yake jin nauyinsu, kuma mun daɗe muna jinkirta ta. Abin da ya tilasta mana shi ne tambayoyin da suke zo mana bayan sallar Magariba daga samari, da kuma wasu iyaye da suke jan mu gefe su yi magana da murya ƙasa ƙasa. A shekarun baya, lokacin da gidajen bidiyo suka cika Birnin Ƙonni, kaset ɗin Indiya ne da na Kano, kuma dattijo yana iya leƙawa ya ga abin da ake kallo. Yanzu kallon ya koma cikin salula, yaro yana kwance a ɗakinsa a Alela ko Malbaza ko Illela, fim yana iske shi daga intanet ko daga hannun abokin da ya dawo ci-rani daga Abijan. Daga cikin abin da yake shigowa akwai wani nau'in fina-finai da suke ba da labarin maza Musulmi waɗanda zuciyarsu take karkata ga maza ƴan uwansu, suna ɓoye wannan hali ga iyayensu da matansu. Ba muna kiran kowa ya je ya neme su ba ne. Amma wanda zai yi wa jama'a bayani, wajibi ne ya san abin da yake magana a kansa.

Na farko da ya kamata a ambata ɗan yankinmu ne na Afirka ta Yamma. A shekarar 1997 wani ɗan ƙasar Gine mai suna Mohamed Camara ya fitar da fim mai suna Dakan, ma'anarsa ƙaddara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Labarin samari biyu ne, Manga da Sory. Mahaifiyar Manga ta ɗauki abin a matsayin ciwo, ta kai shi wurin masu maganin gargajiya; shi kuwa Sory, ɗan attajiri ne wanda mahaifinsa yake son magaji, sai ya yi aure har ya sami ɗa, amma daga ƙarshe ya bar matar da yaron ya bi abokinsa. A 2007 wani ɗan Indiya, Parvez Sharma, ya fitar da A Jihad for Love, wanda ba wasan kwaikwayo ba ne, hira ce da mutane na gaskiya a ƙasashe 12. A 2015 aka yi Naz & Maalik a kan wasu samari biyu baƙaƙen fata Musulmi a birnin New York na Amurka. Sannan a 2022 wata ƴar Maroko, Maryam Touzani, ta yi Le Bleu du caftan, wato shuɗin kaftani, kuma a kansa za mu ɗan tsaya.

Mutumin da ke cikinsa sunansa Halim, maɗinki ne a tsohon garin Sale, yana yi wa kaftani aiki da hannu irin na mutanen da. Matarsa Mina ita ke kula da shago, sun shekara da shekaru tare, yana girmama ta, yana yi mata hidima a cikin ciwon dajin da ya kama ta. Amma yana da wata rayuwa a ɓoye wadda yake zaton ba ta sani ba, alhali ta daɗe da sani, ta haɗiye. Mai fim ɗin ta shirya labarin ta yadda mai kallo zai tausaya wa mijin, ya kuma yaba wa matar saboda ta yarda. Mu kuwa da muka yi tunani a kansa, abin da ya tsaya mana a rai shi ne matar: shekarun da ta yi tana kwana da wannan sani ita kaɗai, ba ta da wanda za ta gaya wa. Haka nan matar Sory a fim ɗin Gine, wadda aka bari da jinjiri, labarin ya wuce ta kamar ba mutum ba.

Kafin mu ci gaba, bari mu ajiye hukunci a wurinsa domin kada wani ya fahimce mu a baibai. Manufar akasarin waɗannan fina-finai ita ce su nuna cewa aikin ba laifi ba ne, laifin na al'umma ne da ta ƙi karɓarsa. Wannan ba mu yarda da shi ba. Aikin mutanen Annabi Luɗu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, haramun ne, Alƙur'ani ya ambaci ƙissarsu a Suratul A'arafi da Suratu Hudu da Suratush Shu'ara'i da wasunsu, kuma mazhabobin nan huɗu ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba. Kyawun hoto da daɗin kiɗa ba sa mayar da haram halal. Sai dai malamai sun rarrabe tsakanin abin da yake ɗarsuwa a zuciya da abin da gaɓoɓi suka aikata. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, ta hanyar Abu Huraira, cewa an yafe wa wannan al'umma zancen zuci matuƙar ba a aikata shi ko an furta shi ba. Saboda haka bawan da aka jarrabe shi da wannan karkata, ya kame kansa don tsoron Allah, mai lada ne, kuma sahun masallaci nasa ne kamar na kowa. Wanda ya faɗa kuma ya yi nadama, ƙofar tuba ba a rufe ta a kansa ba.

To, yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Auren da aka yi a fim ɗin Gine, mu ma muna yin irinsa a garuruwanmu, kuma sau da yawa da kyakkyawar niyya. Uba ya ji ƙishin-ƙishin a kan ɗansa, ko uwa ta lura yaron ya kai shekara talatin ba ya maganar kowace yarinya, sai a ce maganinsa aure. A nemo ƴar ƙanin uba ko ƴar maƙwabci daga ƙauye, yarinya ƙarama wadda ba za ta iya ɗaga murya ba, a sayar da albasa ko a karɓo kuɗin ci-rani, a ɗaura aure ranar Juma'a, mu limamai mu yi fatiha, kowa ya watse yana cewa an rufa asiri. Shin an tambayi yaron ko zai iya? Shin an gaya wa waliyyin yarinyar wani abu?

Wani dattijo ya taɓa zo mana da ƴarsa, ba za mu faɗi garinsu ba. Shekara uku tana ɗakin miji, ba ciki ba goyo. Dangin mijin suna kiranta juya, an kai ta wurin masu magani, an sha rubutu, an je asibiti, likita ya ce lafiyarta ƙalau. Sai da mahaifiyarta ta matsa mata sannan ta faɗi cewa a cikin shekarun nan uku ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba kwanakin da mijin ya kusance ta, kuma shi da kansa ya taɓa yi mata kuka yana cewa iyayensa ne suka tilasta shi. Ba ya dukanta, ba ya hana ta abinci. Amma ita ce ta ɗauki sunan juya a gari, kuma ko da aka rabu, sunan ya bi ta gidan ubanta. Iyayen mijin sun san dalili tun farko, suka yi shiru suna ji ana zaginta.

Wannan ba sutura ba ce, ya ƴan uwa, zalunci ne da yaudara. Malamanmu na Malikiyya, a cikin sharhohin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani da na Muhtasar na Shaihu Halil, waɗanda muke karantawa a zaurukanmu, sun bayyana cewa aure ba hukunci ɗaya gare shi ba. Yana zama wajibi ga wanda yake da iko kuma yake tsoron faɗawa zina, yana zama mustahabbi, yana zama halal kawai, yana zama makaruhi, kuma yana zama haramun ga wanda ba ya tsoron zina alhali ya san zai cutar da matar ta hanyar kasa ciyar da ita ko kasa biya mata haƙƙinta na shimfiɗa. Ku duba, shari'a ba ta ɗauki wannan haƙƙi da wasa ba. Wanda ya yi rantsuwar ƙaurace wa matarsa, Suratul Baƙara ta yanka masa wata huɗu, ko ya koma ko a rabu. Wanda ya kasa kusantar matarsa tun farkon aure, alƙali yana ba shi shekara guda, in bai iya ba matar tana da zaɓi. Addinin da ya ƙirga wa mace watanni haka, ta yaya za a ce da sunansa ne aka mayar da ƴar mutane magani, a gwada a ga ko za a dace?

Ba mu ce duk wanda ya taɓa jin wannan abu a ransa aure ya haramta gare shi ba. Mutane ba ɗaya suke ba. Akwai wanda yake da sha'awar mace kuma zai iya tsayuwa da haƙƙinta, ya kame daga saɓo; wannan ya yi aure, Allah ya sa albarka, kuma ba a ɗora masa ya tona abin da ya wuce tsakaninsa da Ubangijinsa ba. Akwai kuma wanda ya san a ransa ba zai iya ba. Wannan kada a tilasta shi, kuma shi ma kada ya karɓa don gudun surutun mutane. Rashin aure ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Imamun Nawawi, wanda muke karanta Arba'una ɗinsa tun muna yara, ya rasu bai yi aure ba. Azumi da neman ilimi da sana'a da hidimar iyaye sun fi masa alheri a kan ya tashi ranar alƙiyama da haƙƙin baiwar Allah a wuyansa.

Wani zai ce: to idan waliyyin yarinya ya zo yana tambayata halin mai neman ƴarsa, alhali na san wani abu tabbatacce, in tona ko in rufe? Malamai sun halatta faɗin aibi a wurin shawarar aure, suna kafa hujja da shawarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Faɗimatu bintu Ƙaisin a kan masu neman aurenta. Amma sun ce gwargwadon buƙata. Idan cewa "ban ba ka shawarar wannan aure ba" ta wadatar, to ƙari a kanta bai halatta ba. Da haka ka tsare yarinyar, ka kuma bar wa saurayin mutuncinsa.

Domin ɗaya gefen ma rami ne, kuma mun fi saurin faɗawa cikinsa. Suratul Hujurati ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane, kuma buɗe salular wani don a ga abin da ke ciki yana cikin wannan hani. Suratun Nuri ta sanya bulala 80 ga mai ƙazafi, kuma a mazhabarmu jifan namiji da luwaɗi ƙazafi ne. Imamu Malik ya ma tsananta har ya haɗa da habaici idan an fahimci abin da ake nufi. Mu tuna da wannan a majalisar shayi da tashar mota. Ɗan daudu mai sayar da abinci, wanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fim ɗin barkwanci yana kwaikwayonsa, laifin da ido ya gani a gare shi shi ne kamanceceniya da mata, a yi masa nasiha a kan wannan. Abin da ya wuce haka, wanda ya faɗa ba tare da shaidu huɗu ba shi ne shari'a za ta fara kamawa. A cikin Muwaɗɗa an kawo yadda Annabi ya nuna wa Hazzal cewa da ya suturta Ma'izu da ya fi masa alheri. Hukunci kuwa na alƙali ne, ba na gungun matasa ba. Jifan da taron jama'a suka yi a wata kotun shari'a a Bauci a watan Janairun 2014, lokacin da ake sauraren ƙarar wasu da ake tuhuma, ba shari'a ba ce. Kuma Muhsin Hendricks na Afirka ta Kudu, wanda ya fito a fim ɗin 2007 da muka ambata, da aka harbe shi a watan Fabrairun 2025, majalisar malaman ƙasar da ta daɗe tana ƙin ra'ayinsa ita ma ta fito ta yi tir da kisan.

Saura matar da ta riga ta sami kanta a cikin irin wannan aure. Ba a wajabta mata haƙuri har mutuwa kamar Mina ta cikin fim ba. In ta zaɓi zama, zaɓinta ne, in ta nemi rabuwa, ba ta yi laifi ba. Ta fara da gaya wa waliyyinta ko mahaifiyarta cewa ba a biya mata haƙƙinta, ba sai ta ambaci abin da ba ta gani da idonta ba. Daga nan a bi abin da Suratun Nisa'i ta tsara, a tashi mutum guda daga danginta da guda daga danginsa, kuma a wurin Malikiyya waɗannan biyun suna da ikon raba auren idan gyara ya gagara. In ba a daidaita ba, a je gaban mai gari ko sarki, daga nan gaban alƙali, domin saki saboda cutarwa sananne ne a mazhabarmu. Dangin miji kuma, in sun san gaskiya, wajibi ne su wanke ta daga sunan juya a gaban waɗanda suka ji an kira ta da shi, ko da da cewa kawai "matsalar ba daga gare ta take ba". Wallahu a'alamu.