Sabunta Linux: Yadi ko Ɗinkakkiya?

'Yan'uwa ɗalibai, Linux tsari ne mai tafiyar da kwamfuta, Linus Torvalds ya fara shi a 1991, kowa kuwa yana da izinin gyara rubutunsa. Hanya biyu a ke sabunta shi. Ta fari, ka ɗauko rubutun, kwamfutarka ta harhaɗa, kamar yadda masu Gentoo suka saba. Kai wa tela yadi ke nan: rigar za ta zauna daidai, amma sai an jira sa'o'i. Ta biyu, ka ɗauko haɗaɗɗe irin na Debian, watau ɗinkakkiya daga kasuwar Azare.

To, malamin da aka tura Itas, ga tsohuwar kwamfuta, ga wuta ba ta zama, haɗaɗɗe ya fi masa. Amma tukuna ya kwafe sakamakon jarrabawar yara a wani wuri.