Sunan Yaro: Yohanna

Karatu: Luka 1:5-25, 57-66

A ƙasarmu, daga Boɗinga har Shagari, in an haifi yaro dangi sukan taru ran suna, a yanka rago, a raɗa masa sunan kakansa ko na wani babba na gida. Mu masu bi kaɗan ne a nan, sau da yawa kuwa dangin da ba su bi ba su ke so su zaɓa mana suna. Zakariya ma ya gamu da irin wannan.

Yohanna daga Ibrananci ya fito, ma'anarsa kuwa Ubangiji ya yi alheri. Maƙwabtanmu Musulmi suna ce da shi Annabi Yahaya. Zakariya da Alisabatu sun tsufa ba su da ɗa. Mala'ika Jibra'ilu ya kawo albishir da sunan tun ba a ɗauki cikin ba. Zakariya ya yi shakka, ya zama bebe. A rana ta takwas, ranar kaciya, dangi suka so a sa wa yaron sunan ubansa. Uwar ta ƙi. Suka ce babu mai wannan suna cikin danginsu. Zakariya ya nemi allo ya rubuta Yohanna, nan da nan bakinsa ya buɗe, ya yabi Allah.

Mu lura, 'yan'uwa: Zakariya bai yi faɗa da dangi ba, bai kuwa sāke maganar Allah ba. In mun sa wa ɗanmu Yohanna, mu kira dangi da girmamawa, mu gaya musu ma'anar, mu kuma koya wa yaron ita tun yana ƙarami.