Darasi na 14: Baƙin Tabo a Fuska

Kowa ya san baƙin tabo. Ƙurji ya kan warke ya bar shi. Mace mai ciki kuma ta kan ga kumatunta sun yi duhu.

Ga dalili. A cikin fatarmu akwai wani launi, likitoci suna ce da shi melanin. Shi ke tsare fata daga rana. In fata ta ji ciwo, ko rana ta dake ta, sai launin ya ƙaru. Wurin sai ya yi baƙi.

Me za a yi a gida? Kada a matse ƙurji, kada a sosa shi. In za a gona, a sa malafa. A wanke fuska da sabulu marar kaifi. Tabo ya kan yi wata 6 ko shekara kafin ya dushe. Sai haƙuri.

A yi hankali da man bilicin na kasuwa. Wani akwai zaiba a cikinsa. Zaiba tana lalata ƙoda, tana cutar ɗan da ke ciki. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsa. Kada garin neman gira a rasa ido.

In tabo ya ƙi dushewa, ko yana girma, ko yana jini, a tafi asibiti. Likita zai duba, ya ba da magani, ya faɗi ranar dainawa.

Tambayoyi
1. Me ke kawo baƙin tabo?
2. Wace ɓarna zaiba take yi?
3. Rubuta: malafa, ƙoda, haƙuri.