Kalmar "Float" ta Ingilishi: Ma'anarta, Asalinta da Yadda Ake Amfani da Ita

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da kan ba mai fassara wahala akwai "float". Wahalar kuwa ita ce Hausa ba ta da kalma guda da za ta tsaya a madadinta a ko'ina. A wannan maƙala za a dubi ma'anar kalmar da asalinta, sa'an nan a bi sawun yadda ta yaɗu daga bakin kogi har ta shiga kasuwar kuɗi. Manufa ita ce a nuna cewa duk ma'anonin nan reshe ne na tushe ɗaya, kuma wanda ya riƙe tushen ba zai ɓata ba wajen fassara.

2.0 Ma'ana ta Asali

A ma'anarta ta farko, "float" aikatau ce da ke nufin abu ya zauna a bisa ruwa bai nutse ba. Sharuɗɗa biyu ke cikin wannan ma'ana. Na farko, ruwan ne ke ɗauke da abin, ba da wani ƙoƙari nasa ba. Na biyu, abin ba a kafe yake ba, duk inda ruwa ya nufa can zai bi. Da sharaɗin farko ne ta rabu da "swim", watau iyo ko ninƙaya, domin mai iyo da ƙarfin damtsensa yake tafiya. Kainuwa ita ce misali mafi dacewa, ga ta a kan ruwa, saiwarta na reto, ba ta kama ƙasa ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce da ita dashen Allah.

3.0 Asalin Kalmar

A Tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi kafin shekarar 1100, siffar kalmar ita ce "flotian". Tana da 'yar'uwa "fleotan" mai kusan ma'ana ɗaya, da kuma suna "flota", watau jirgin ruwa ko ayarin jirage. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, kalmar Faransanci "floter", wadda ita ma daga harsunan dangin Jamusanci aka aro ta, ta zo ta ƙara mata ƙarfi.

Masana tarihin harsuna sun mayar da waɗannan duka ga wata saiwa ta harshen da ya haifi dangin Indiya da Turai, wadda suka sake ginawa da siffar "pleu", ma'ana gudana. Ana ganin ta a Girkanci "pleo", na yi tafiya a jirgin ruwa, da Sanskirit "plavate", yana bisa ruwa, da Latin "pluit", ana ruwan sama. Mai karatu zai lura cewa inda waɗannan ke da "p", Ingilishi na da "f". Wannan sauyi yana bin ƙa'idar da Jacob Grimm ya bayyana a 1822, wadda ta haɗa "pater" na Latin da "father", da kuma "piscis" da "fish". Daga saiwar nan ne "flow" da "flood" da "fleet" suka fito.

4.0 Yadda Ake Amfani da Ita

Ta fuskar nahawu, kalmar kan zo a aikatau ƙi-karɓau, kamar a ce itace ya yi "float", watau ya taso bisa ruwa. Takan zo kuma a so-karɓau, inda wani ne ke sa abin a ruwa ya bar shi ya tafi, kamar yadda masu katako kan kora gumaguman itace a kogi. Daga ruwa ta koma iska, ana faɗin ta ga gajimare da gashin tsuntsu.

In ta zo a suna, tana nufin abin da ke hana wani abu nutsewa. Babbar gorar da masunta ke hawa a bikin kamun kifi na Argungu, "float" ce a bakin Bature. Haka kuma ana kiran motar da aka ƙawata don jerin gwanon biki da wannan suna, da kuma 'yan kuɗin da mai kanti kan buɗe ciniki da su don ba da canji.

Sai ma'anonin aro. Mai zaɓen da bai ɗaure kansa ga wata jam'iyya ba, shi ne "floating voter". A lissafin kwamfuta akwai "floating point", inda ɗigon da ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta ba shi da mazauni ɗaya. In an ce an yi "float" na kamfani, ana nufin an fito da hannun jarinsa kasuwa karo na farko, kamar jirgin da aka tura ruwa.

5.0 Kalmar a Fagen Kuɗi

A nan ne kuskuren fassara ya fi tsada. A ƙarƙashin yarjejeniyar Bretton Woods ta 1944, kuɗaɗen ƙasashe a ɗaure suke da dalar Amurka, ita kuma dala a ɗaure da zinariya. Ranar 15 ga Agusta, 1971, Shugaba Nixon ya yanke igiyar da ke tsakanin dala da zinariya, zuwa 1973 kuwa manyan kuɗaɗen duniya sun koma "floating". Ma'ana, hukuma ta daina yanka musu farashi, saye da sayarwa ne ke ɗaga su ko kayar da su. Haka Babban Bankin Nijeriya ya yi wa naira a watan Yuni na 2023. Kishiyar wannan ita ce sefar Nijar, wadda aka ɗaure da yuro tun 1999, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya.

Wanda ya fassara wannan da "naira ta taso sama" ya yaudari mai sauraro, domin zai zaci daraja ta ƙaru, alhali kuwa faɗuwa ta yi bayan matakin. Sharaɗi na biyu ne ake nufi a nan, watau rashin ɗauri. Fassarar da ta dace ita ce "an bar kasuwa ta yi halinta a kan naira".

6.0 Kammalawa

An ga cewa kalma ɗaya ta Ingilishi tana bukatar hanyoyi da dama a Hausa: tasowa bisa ruwa, shawagi a iska, gora ga masunci, kuɗin canji ga ɗan kasuwa, sakin mara ga kuɗin ƙasa. Saboda haka kafin ɗalibi ya buɗe ƙamus, ya kamata ya tambayi kansa abu biyu: mene ne ke ɗauke da abin da ake magana a kai, kuma daga wane turke aka kwance shi. Amsar waɗannan ita za ta nuna masa kalmar Hausa da ta dace da wurin.