Tsohon Babur da Ƙafafunsa: Yadda Ake Zaɓen Rim da Taya

Sau da yawa mutum yakan kashe kuɗi wajen gyaran injin tsohon babur, amma in an zo ga taya sai ya ce wa mai faci ya sa masa wadda ta samu, in da hali ma mai faɗi. Wannan kuskure ne babba, gama ran mahayi yana rataye ne ga ɗan wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda bai fi tafin hannu ba. Baburan da ake zance a nan su ne irin na Ingila, kamar su BSA da Triumph da Norton, waɗanda aka ƙera tsakanin 1950 da 1970.

1. Lambar rim

Rim shi ne da'irar ƙarfen nan da taya ke zama a kai. Awonsa biyu ne, tsayi da faɗi. Tsayi ana faɗinsa da inci, watau 18 ko 19 ko 21. Faɗi kuwa maƙeran Ingila sukan buga shi a jikin ƙarfen da haruffa: WM1 shi ne inci 1.60, WM2 inci 1.85, WM3 kuma inci 2.15.

2. Lambar taya

In an ga 3.25-19 a jikin taya, ma'anarsa faɗinta inci uku da kwata, rim ɗinta kuma inci 19. Triumph Bonneville na 1959 ya fito da 3.25-19 a gaba da 3.50-19 a baya. Yawancin tayoyin yanzu da milimita ake rubuta su. A 90/90-19, lambar fari faɗi ce, ta biyu tana nuna tsayin taya kashi 90 ne cikin ɗari na faɗinta. Wannan ita ce ta yi kusa da 3.25-19. Lambar ƙarshe dai tilas ta zama daidai da ta rim, ba ragi ba ƙari.

3. Faɗi ba shi ne riƙo ba

In aka cusa taya mai faɗi a siririn rim, gefunanta sukan matsu, bayanta ya yi tsini, har wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru. Sa'an nan tana iya gugar sarƙa ko madigadi. In kuwa aka sa siririya a rim mai faɗi, sai ta baje, babur ya riƙa gardama a kwana. Bisa al'ada WM2 yakan ɗauki 3.25 ko 3.50, WM3 kuma 4.00. A 1969 Malcolm Uphill ya kewaye fagen tseren tsibirin Man a kan Bonneville da gudun mil 100 a sa'a, da tayoyin Dunlop K81, waɗanda sirara ne ƙwarai in an gwada su da na baburan tsere na yau.

4. Sake tsayin ƙafa

Maƙera sun daidaita tsayin ƙafar gaba da karkatar ƙarafan da ke riƙe da ita, domin ta riƙa komawa tsakiya da kanta. In aka cire rim 19 aka sa 18 a gaba, goshin babur zai sauka kamar rabin inci. Kansa zai yi saurin juyawa, amma natsuwarsa za ta ragu, yana iya rawa in gudu ya yi yawa. In ƙafar baya aka rage, juyawa takan yi nauyi, ƙarfen ƙasa kuma ya yi saurin kartar hanya a kwana. Babbar ƙafa ta fi haye rami da gargada, shi ya sa baburan daji ke da inci 21 a gaba. Wanda hanyarsa ba kwalta, kada ya rage ƙafar gabansa.

5. Kafin a hau

Rim mai wayoyi yana bukatar tub, ko da an rubuta a jikin taya cewa ba ta bukata, domin iska na fita ta ramukan wayoyin. A shimfiɗa ɗamarar roba a kan ramukan don kada su huda tub. A dubi shekarun taya kuma. Tun daga shekarar 2000 ana buga lambobi huɗu a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar roba takan bushe ta tsage ko da zanenta bai cinye ba. A auna iska tun taya na da sanyi, a juya ƙafa da hannu a tabbata ba inda take guga.

To, abin da ya kamata mai babur ya riƙe shi ne, ya karanta lambar rim ɗinsa tukuna, ya gwada ta da abin da littafin maƙera ya faɗa, kana ya nufi kasuwa. Rigakafi ya fi magani.