Siffar Mutanen Itace A Ƙagaggen Labarin Tolkien

A fagen ƙagaggun labarai, akan auna gwanintar marubuci da yadda ya ƙago halittar da babu ita, har mai karatu ya gaskata. Misalinmu a nan shi ne jinsin Ent, watau makiyayan itatuwa, waɗanda J.R.R. Tolkien na Ingila ya siffanta cikin The Two Towers a 1954.

Dattijonsu, Treebeard, tsawonsa ya kai ƙafa 14, gangar jikinsa kamar ɓawon itace, yatsun kowace ƙafa 7. Sunkuyawa wuya take ba shi, don haka a tsaye yake shan wani ruwa na musamman, wanda shi ne cimarsa. Kowane Ent yakan yi kama da irin itacen da yake kiwo. Wanda ya daɗe bai motsa ba kuwa, sai ya soma rikiɗa itace.

A ganina, basirar marubucin ta fi fitowa wajen hayayyafa. Da ya so, da ya sa sun yaɗu ta iri ko dashe. Sai ya ba su mata, sa'an nan ya raba su: matan suka ƙaura hayin kogin Anduin suna noman lambu, yaƙi ya ƙone ƙasar, aka neme su aka rasa. Ga mazan da tsawon rai na dubban shekaru, amma babu ɗa ko guda mai tasowa.